Wata Ukun da Baba Ya Ba Mu

"Wallahi muddin ina numfashi, ba za a haɗa 'yar ƙanina da mutumin da kansa ya taɓu ba!"

Goggo ce ta faɗi haka, yayar Baba, tana zaune a tsakiyar falonmu, mayafinta ya zamo kafaɗa saboda faɗa. Shekara tara ke nan, amma ko yanzu na rufe ido ina ganin falon. Kujeru masu ruwan ƙasa, fankar da ke ƙugi, da agogunan bango guda biyar, don Baba, Allah ya jiƙansa, mai gyaran agogo ne.

Ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofa, ina murza gefen rigata.

"Goggo, kansa bai taɓu ba. Faɗuwa ya yi."

"Rufe min baki! Wata biyar ana faɗuwa ɗaya? An ɗauki hoton kan a asibiti, an ce ba a ga komai ba. To ciwon da likita bai gani ba, mene ne sunansa?"

Wanda ake magana a kansa shi ne Malam, mai koyar da lissafi a sakandaren da ke bayan layinmu. Ɗalibai suna kiransa Dogo. Ni ma idan ina jin tsokana haka nake ce masa, shi kuma ya ce min Tela, don ɗinkin labule nake yi. Shekara biyu muna tare, har an sa mana ranar aure.

Saura sati shida bikin ya hau tsani a gidan da za mu zauna, zai kafa ƙarfen labulen da na ɗinka mana. Tsanin ya zame, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Ko minti ɗaya bai yi a sume ba ya tashi yana dariya, wai labulena ne ya yi nauyi. A asibiti suka ce ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza, ya huta sati biyu zai ware.

Sati biyu ya wuce, bai ware ba.

Haske ya zama abokin gabarsa. Hayaniya kaɗan sai kansa ya hau sara. Mutumin da nake faɗa wa faɗin taga, kafin in ɗauko biro ya gaya min yadin da za ta ci, ya koma shiga ɗaki ya tsaya yana tunanin abin da ya kawo shi. Ya gwada komawa aji, minti goma sha biyar lambobi suka fara yawo a kan allo, ya dafa bango ya fita. Makaranta ta ba shi hutu. Aka ɗage bikin, aka sake ɗagewa.

"Ga Injiniya nan," in ji Goggo, ta sassauta murya. "Mai shagon tagogi, maƙwabcinki a wurin aiki. Lafiyayye, mai hankali, sau biyu yana turo min magana. Ke shekararki ashirin da takwas, jinya za ki je yi ko aure?"

Umma tana gefe, hawaye kawai take sharewa. Na san ba Malam take ƙi ba, tsoro take ji mini.

Baba ya cire ɗan madubin da yake maƙalawa a ido idan yana aiki, ya ajiye a tebur. Shi ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa idan zai yi kowa ke nutsuwa.

"Yaya, na ji ki. Uwata, ke ma na ji ki." Haka yake kirana, Uwata. "Ba zan tilasta wa kowa ba, amma ba zan tura 'yata inda ban san gabansa ba. Wata uku. Idan sun cika, ya zo nan in gan shi da idona."

Washegari na rufe shago da wuri, na nufi gidan yayar Malam, inda ya koma zama tun da abin ya faru.

Ɗakin duhu ɗumɗum. Yana zaune a ƙasa ya jingina da gado, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Yayarsa ta bar ƙofa a buɗe, ta zauna a falo inda take hango mu. Na gaya masa yadda muka yi da Baba.

Ya ɗago ya dube ni.

"Tela, Goggonki ta fi ki gaskiya."

"Me ka ce?"

"Ki je ki saurari Injiniya. Na san shi, mutumin kirki ne."

"Malam, ni kake gaya wa haka?"

"Ki dube ni da kyau. Jiya Yaya ta aike ni kantin bakin titi, abu uku ta ce in sayo, na dawo da ɗaya. Shekaranjiya ɗiyarta ta yar da cokali, na daka mata tsawar da har yanzu ba ta yarda ta matso kusa da ni. Ni da ban taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba. Wanda kika so ya faɗo daga tsani, ni ban san wanda ya tashi ba."

Kuka ya ƙwace min, na toshe baki da mayafi don kada ƙarar ta taɓa masa kai.

"Ka tuna lokacin da keken ɗinkina ya lalace, ga aikin otal ɗin nan na taga arba'in? Kwana huɗu kana tasowa daga makaranta ka zauna a bencina kana riƙe min bakin yadi ina ɗinkin hannu. Allura ta soke ka ta fi sau goma. Na ce ka tafi gida, me ka ce min?"

"Ban tuna ba."

"Ƙarya kake, Dogo. Wannan ka tuna."

Ya sunkuyar da kai. "Na ce ba inda za ni."

"To ni ma ba inda za ni. Kuma labulena ka hau kafawa. Kullum na kwanta sai na ce da ban matsa maka a kan sai ranar za a kafa ba…"

"Kada ki sake faɗin haka." Ya katse ni. "Ni na ajiye tsanin a karkace. Kada ki aure ni don kina ganin laifinki ne, wallahi wannan sai ya fi ciwon kan yi min zafi."

"Don ina sonka ne. Laifin daban yake, ka bar ni da shi, zan san yadda zan yi."

A nan yayarsa ta leƙo, riƙe da wayarsa.

"Tunda kin zo, ki tambaye shi wannan. Sati uku ke nan asibiti suka sa shi a wani tsarin magani na waya. Manhaja ce, kullum tana gaya masa abin da zai yi, duk sati kuma likita ta kira shi su ga juna. Sau ɗaya ya buɗe ya ture ta ƙarƙashin filo."

"Yaya, hasken wayar ne ke tada min ciwon, sannan a ce ita ce magani?"

Na karɓi wayar, na fita falo na zauna da ita. Ban fi minti goma ba na gano ana iya rage hasken har ya kusa mutuwa, a sa ta riƙa karanto komai da murya. Akwai kuma gurbin da majinyaci zai sa mutum ɗaya nasa, wanda zai riƙa ganin yadda ake ciki. Na koma na miƙa masa.

"Sa sunana a nan."

"Tela…"

"Sa sunana, Malam. Idan wata uku suka cika ka ce in tafi, sai mu sake magana."

Ya sa.

Ban san ya aka yi ba, duk wahalar da muka sha, watannin nan su ne na fi kewa a rayuwata.

Kowace safiya muryar wayar za ta tambaye shi, daga sifili zuwa goma, ina ciwon kai yake, ina jiri, yaya barci. Lambobin su faɗo a wayata ina tsakiyar yanka yadi. Bakwai. Takwas. Bakwai. Sai ta sa shi atisayen ido, ya riƙe biro a gabansa yana binsa da kallo, sannan ta koya masa numfashi a hankali. Da yamma idan rana ta yi sanyi, tafiya. Satin farko minti biyar kacal, daga ƙofar gida zuwa itacen da ke kwanar layi, ya sa hula da baƙin tabarau, ni ina shago da waya a kunne ina jin takunsa.

"Ina ka kai?"

"Na wuce mai wankin mota."

"Ciwon kan fa?"

"Shida. Yana neman bakwai."

"To juya."

Abin da likitar ta fi nanatawa ke nan. Mace ce mai ƙaramar murya, kullum ka gan ta a wayar akwai kofin shayi a gabanta. Ta ce zaman duhu da ya yi wata biyar bai taimake shi ba, amma kuma ba a yi wa kai dole. A taɓa ciwon kaɗan, a tsaya kafin ya yi tsanani, gobe a ƙara taku kaɗan. Ta ce masa ba hauka ba ne, ba ragwanci ba ne, kuma mutane da yawa hotonsu ba ya nuna komai alhali suna shan abin da yake sha. Ranar da ta faɗi haka, yayarsa ta ce min bayan an kashe wayar ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Goggo da ta ji labari, tafa hannu ta yi.

"Oh ni! Yanzu waya ce ke ba da magani? A kunne ake ɗura masa ko a hanci?"

Har Umma sai da ta yi dariya, ta waske da tari.

Sati na biyar lambobin suka sauko huɗu. Murna ta ɗebe mu. Ya ce min yau zai zo har shagona da ƙafa, tafiyar minti arba'in, alhali sha biyar aka rubuta masa. Maimakon in hana shi, sai na ce ina jira. Ya iso kuwa, yana murmushi, gumi na zuba. Wannan ne karon farko da ya zauna a bencina tun da ya faɗi.

Kwana uku bayan nan bai iya ɗaga kai daga filo ba. Tara. Tara. Takwas.

Likita ba ta raga mana ba. "Ke da na ɗauka za ki riƙa taka masa birki, ashe ke ce mai zuba mai?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka mayar da shi minti goma.

A satin ne Injiniya ya shigo shagona. Ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa, bai ko zauna ba.

"Ban zo in ɓata miki rai ba. Ina ganinki kullum da waya a hannu, kin rame. Ni ba na yi wa Malam fatan komai sai lafiya. Amma idan abin bai yiwu ba, ki san akwai wanda yake jira, kuma ba zai taɓa yi miki gori ba."

Da ya zage Malam da na ji sauƙi, da na kore shi na huta. Amma da ladabi ya zo. Bayan ya fita na zauna a gaban keke ban taka ba. Ba zan ɓoye ba, ranar na gaji. Na hango kaina a gida mai haske, tagogi a buɗe, rediyo na yi, babu mai cewa a rage murya. Na daɗe a cikin wannan tunanin, har wayata ta yi ƙara.

Saƙon murya ne daga Malam, a hankali yake magana.

"Tela, yau na karanta shafi ɗaya na littafin aji uku. Akwai kuskure a lissafi na huɗu, shekara shida ina koyar da littafin ban lura ba."

Na saurara sau uku. Sannan na tashi na je shagon Injiniya, na gode masa, na ce ya daina jira.

Ranar da wata uku suka cika, Malam ya zo gidanmu da yamma tare da yayarsa. Ya yi aski, ya sa farar riga. Tafiyarsa ta kai minti talatin a lokacin, karatunsa minti ashirin, lambobinsa suna tsakanin biyu da uku.

Goggo ta riga shi zuwa, kuma ba ita kaɗai ba. Ta kwaso jikokinta huɗu, ta kunna talabijin ta ƙure murya, ta zuge labulen falo duka, rana ta faɗo daidai kujerar da aka nuna masa. Ga agogunan Baba biyar, kowanne da nasa bugun.

Ya gaida kowa. Baba ya tambaye shi jiki, ya amsa. Goggo ta hau jero tambayoyi, wata kan wata, ba ta bari ya gama amsa ɗaya. Ina kallonsa daga bakin ƙofa. Na ga ya fara ƙanƙance ido. Na ga yatsunsa sun kama hannun kujera. Ya buɗe baki zai faɗi wata kalma, ta ɓace masa.

Na san abin da ke biyo baya, ko tsawa ko jiri.

Sai ya ɗaga hannu a hankali.

"Baba, a yi min afuwa. Kaina ya fara. Idan na daure zan yi kwana biyu a kwance. A ba ni minti biyar a waje, zan dawo."

Ya tashi ya fita tsakar gida, ya zauna a inuwa ya rufe ido.

"Kun gani!" in ji Goggo. "Gaisuwa ma ta gagare shi!"

Baba ya tashi ya kashe talabijin, ya ce yaran su je ɗakin Umma, ya saki labule da hannunsa. Da Malam ya dawo, Baba ya ce, "Likitar nan taka, za ta yarda ta yi magana da tsoho?"

Malam ya tura mata saƙo, aka yi sa'a tana ofis. Ya ce mata ya amince ta faɗa wa Baba komai. Baba ya riƙe wayar dab da hanci, har sai da na ja masa hannu baya.

"Likita, tambaya ɗaya gare ni. Zai koma yadda yake?"

"Baba, ya samu sauƙi sosai, kuma ina sa ran zai ƙara. Yawanci ana ƙarawa. Amma in ce maka rana kaza zai warke sarai, ko in ce ba abin da zai rage, na yi maka ƙarya."

Baba ya gode mata, ya miƙa wayar, ya juyo gare ni.

"Uwata, kin ji da kunnenki. Babu alkawari. A haka kike so?"

"A haka, Baba."

Goggo ta miƙe tana gyara mayafi, idonta ya kawo ruwa. "Ni na goya yarinyar nan a bayana lokacin da uwarta ke kwance asibiti. Idan ta zo tana kuka gobe, kada wanda ya neme ni." Ta tattara jikokinta ta fita, ko sallama babu.

Ina shirin sauke ajiyar zuciya, sai Malam ya zamo daga kujera ya durƙusa.

"Baba, ina da roƙo. Kada a sa rana tukuna."

Na ɗago na dube shi. Yayarsa ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa?"

"Ranar Litinin makaranta ta ba ni darasi ɗaya, na gwaji, likita ta amince. Minti arba'in. Idan na kasa tsayawa a gaban aji, ban san da me zan riƙe gida ba. Ina so in sani kafin a ɗaure ta da ni."

"Malam, wata uku ina…" Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Baba ya dube shi.

"Ƙarfe nawa ne darasin?"

"Goma, Baba."

"A ajiye min kujera a bayan aji."

Ranar Litinin na buɗe shago, amma ko zare ban zura ba. Na ga wucewar Baba da wankakkiyar rigarsa, yana tafe a hankali, mutumin da rabonsa da aji tun ba a haife ni ba. Goma ta yi. Goma da kwata. Duk wanda ya ɓullo daga layin makaranta sai gabana ya faɗi. Wata mata ta zo da awon tagoginta, na rubuta, bayan ta tafi na duba takardar ban gane abin da na rubuta ba.

Sha ɗaya saura, sai ga Baba shi kaɗai. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya shigo, ya zauna, ya ce in ba shi ruwa. Ya shanye, ya goge baki, ni ina tsaye a kansa.

"Baba, don Allah."

"Uwata, wallahi ko ɗigo ban gane ba a lissafin nan. Harafi suke haɗawa da lamba, ban san wa ya koya musu wannan rikici ba." Ya ajiye kofin. "Sau biyu ya tsaya ya sha ruwa. Sau ɗaya ya zauna, ya ce wa yaran kansa na ciwo, su yi aiki shiru na minti uku, suka yi. Ya tashi ya ci gaba har aka kaɗa ƙararrawa."

Na zauna a kan tulin yadi.

"Yana ina?"

"Yana ofishin malamai a kwance, an rufe masa taga, kan na sara. Ya ce kada in gaya miki." Baba ya yi 'yar dariya. "Ki bar shi ya huta, kada ki kira shi sai yamma. Tashi ki rufe shagon nan ki je ki gaya wa uwarki, ƙarshen watan gobe ne bikin."

"Goggo fa, Baba?"

Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya gyara hularsa.

"Yanzu can na nufa. Idan kin ga ban dawo ba har azahar, ki turo a ɗauko ni."